Wankin Ƙoda Ko Dashen Ƙoda?

Willem Kolff, likita ɗan Holan, shi ya haɗa na'urar wankin ƙoda a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A 1945 ta ceto wata dattijuwa mai shekara 67. Har yau aikinta ke nan: ta zuƙo jini, ta tace, ta mayar. Amma sau uku a mako, kusan awa huɗu kowane zama, allura biyu a dantse, ga ƙishirwa, don ruwan sha ma sai an auna maka. Duk wanda ya taɓa rakiyar ɗan'uwa ya san yadda gona da shanu ke tafiya a wannan hanya.

Dashe kuwa, Joseph Murray ne ya fara cin nasararsa a birnin Boston na Amurka a 1954, tsakanin wasu tagwaye, har ya samu kyautar Nobel a 1990. A ganina dashen ya fi, in an dace da mai bayarwa: mutum ya koma kasuwarsa, ya sha ruwa ya ƙoshi. Sai dai maganin hana jiki ƙin baƙuwar ƙodar ba a daina shi, kuma yana raunana garkuwar jiki.