Lambar tsakiya: a bi ta sharuɗɗan if ko a jera lambobin?

Wani ɗan'uwa da ya fara koyon Python, yaren rubuta shirye-shiryen kwamfuta, ya yi tambaya: an ba shi aiki ya karɓi lambobi uku ya fitar da ta tsakiya. Ya rubuta if da elif, wato umarnin gindaya sharaɗi, har layi ashirin, ga abokinsa kuma ya gama da layi biyu ta hanyar jera lambobin. Wanne ne daidai, kuma in lambobin suka ƙaru fa?

To malam, mu fara raba gardama ɗaya. Lambar tsakiya daban, matsakaici daban. Idan aka ba ka 12, 7 da 30, matsakaicinsu shi ne ka tara ka raba uku, wato 16 da 'yan kai. Ta tsakiya kuwa 12 ce, don ita ke zaune tsakanin 7 da 30. Mayar da 30 ɗin ta zama 3000, matsakaici ya yi sama ya wuce dubu, ta tsakiya tana nan a 12 ɗinta.

Hanyarka ta sharuɗɗa ba ta da laifi, tsawon ne ya yi yawa. Ga ta a taƙaice:

if b <= a <= c or c <= a <= b:
    tsakiya = a
elif a <= b <= c or c <= b <= a:
    tsakiya = b
else:
    tsakiya = c

Ka kula da alamar <= ɗin nan, a nan yawancin sababbin hannu suke zamewa. Mutum ya sa < zalla, ya gwada da 1, 2, 3 ya ga ya yi, ya tafi yana murna. Sai malami ya sa 5, 5, 9. Babu lambar da ta fi wata kuma wata ta fi ta, saboda haka sharaɗin farko da na biyu duk su faɗi. In akwai else, shirin zai ba ka 9, amsar kuwa 5 ce. In babu, ko dai ya yi shiru ko ya yi ƙorafin bai san wani abu mai suna tsakiya ba.

Ta abokinka kuma ga ta:

jeri = sorted([a, b, c])
tsakiya = jeri[1]

Babu ruwanta da lambobi masu kama da juna. Abin da za ka riƙe kawai shi ne kwamfuta daga 0 take fara ƙirga gurbi, shi ya sa 1 ne gurbi na biyu.

A kan lambobi uku canjaras suka yi, sai dai kowacce da abin da take koya maka. Ta sharuɗɗa tana tilasta maka ka yi tunanin da kanka, kuma galibi abin da malami yake nema ke nan idan ba a kai darasin jeri ba tukuna. In ya ce kada a taɓa sorted, to kada ka taɓa. Amma da zarar lambobi sun ƙaru, takara ta ƙare. Lambobi 3 suna iya zuwa a tsari 6 daban-daban, 4 a tsari 24, 5 a 120, 7 kuwa 5,040. Ba sai ka rubuta sharaɗi ga kowane tsari ba, masana sun nuna cewa kwatance 6 sun isa a gano ta tsakiya cikin lambobi 5, amma ka gwada rubuta wannan da if ka dawo bayan mako biyu ka ga ko za ka gane abin da hannunka ya rubuta. Ta jerawa kuwa canji ɗaya take buƙata: maimakon 1 ka sa n // 2, inda n yake yawan lambobin, // kuma rabawa ce da ke yar da ragowa.

Sai dai ita ma tana da nata ramukan. Na farko, abin da input ya karɓo daga mai amfani rubutu ne, ba lamba ba. Idan ka manta ba ka juya shi zuwa lamba da int ko float ba, Python zai jera su kamar kalmomi a ƙamus, harafi bayan harafi. Ba shi 10, 9 da 100, zai jera maka "10", "100", "9", ya ce 100 ce a tsakiya, ba tare da wani saƙon kuskure ba. Wannan ramin har mai bin sharuɗɗa yana faɗawa. A yaren JavaScript abin ya fi haka ciwo, domin sort ɗinsa yana yi wa lambobi na gaske ma wannan jerin ƙamus ɗin muddin ba ka gaya masa yadda zai kwatanta ba.

Na biyu, idan yawan lambobin ya rabu biyu daidai, babu guda ɗaya a tsakiya. Ɗauki 4, 8, 15, 16. Ka'ida ita ce a tara 8 da 15 a raba biyu, a samu 11.5. Mai n // 2 kawai zai samu 15. Mai rubutu da yaren C ko Java kuma, in ya raba da 2 maimakon 2.0, zai ga 11, rabin ya salwanta.

Akwai wata dabara da ake yawan yi wa lambobi uku: a tara su duka, a cire babba, a cire ƙarama, abin da ya rage ita ce. Tana da daɗin gani, kuma a kan cikakkun lambobi tana aiki. Ni dai ba na sonta. Gwada ta da 0.1, 0.2 da 0.3, ba za ka samu 0.2 cif ba, sai da 'yar ƙura a wutsiya, saboda kwamfuta ba ta iya ajiye irin waɗannan lambobin daidai wa daida.

Wani zai ce jera lambobi duka don neman guda ɗaya ɓarnar ƙarfi ce. Da gaskiyarsa. Tun 1961 masanin kwamfuta Tony Hoare ya fito da hanyar da ake kira Quickselect, wadda ke raba lambobi gida biyu ta bi gidan da amsar take kaɗai, kuma yaren C++ yana da nth_element don wannan aikin. Amma wannan zancen masu miliyoyin lambobi ne. Shi kansa statistics.median, umarnin fitar da lambar tsakiya wanda ya shigo Python a sigar 3.4 a 2014, jera lambobin yake yi ya ɗauko ta tsakiya, ya kuma kula da batun rabuwa biyu.

Shawarata, ka miƙa aikin da sharuɗɗa in haka aka nema, sannan ka sake rubuta shi da jerawa ka kwatanta amsoshinsu. Gwada su da 5, 5, 9, da 9, 5, 5, da 7, 7, 7, da -3, 0, -8, sai kuma 10, 9, 100.