Sonic the Hedgehog 2: Wane Nau'insa Ya Cancanci Kuɗinka?

Kamfanin Sega ya fitar da wasan bidiyo na Sonic the Hedgehog 2 a watan Nuwamba na 1992 a kan na'urar Mega Drive, wadda ake kira Genesis a Amurka, kuma har yau ana sayar da shi ta hanyoyi da dama waɗanda suna ne kawai ya haɗa su. Wanda ya shiga kasuwa bai san bambancinsu ba yana iya biyan kuɗi mai yawa ya tashi da abin da ba shi yake nema ba.

Da farko ya kamata a san abin da ake saye. An ƙirƙiri wasan ne a Kalifoniya, a reshen Sega Technical Institute, inda Yuji Naka ya rubuta manhajarsa, Hirokazu Yasuhara ya tsara matakansa, Masato Nakamura kuma ya shirya kaɗe-kaɗensa. Mutane sukan ce gudu ne daɗinsa, amma ni a ganina abin da ya riƙe shi sama da shekara talatin shi ne yadda jikin Sonic, bushiyar da mai wasa yake sarrafawa, yake bin dokar gangara da hawa. Idan ya dunƙule a kan gangara gudunsa yana ƙaruwa, idan ya fuskanci tudu ba tare da ya taho da ƙarfi ba sai ya sulalo baya, don haka gudu lada ne da mai wasa yake samu idan ya san hanya. A yankin Chemical Plant, wanda ya kiyaye hanyar sama zai wuce cikin 'yan daƙiƙu, wanda kuwa ya kuskure tsalle ɗaya zai tsinci kansa cikin ruwan nan mai launin shunayya, yana hawan tubalan da suke juyawa, kiɗan nutsewa yana ƙirga masa sauran numfashinsa. Mataki ɗaya ne, amma gwani da ɗan koyo ba abu ɗaya suke gani ba.

A wannan wasa ne aka fara kawo dabarar Spin Dash, wato Sonic ya dunƙule a wuri ɗaya ya tara ƙarfi sannan ya cilla, kuma a nan ne Tails, abokin tafiyarsa, ya fara bin Sonic a Mega Drive. Idan aka jona hannun gem na biyu, wani zai iya sarrafa Tails, wanda ba ya asarar rai komai faɗuwar da ya yi, abin da ya sa wasan ya dace da magidanci mai son zama da ƙaramin ɗansa ba tare da rigima ba.

Yana da nasa aibobin, kuma su ne ma'aunin zaɓi. Na asali ba ya ajiye inda ka tsaya, yankuna goma sha ɗaya ne sai dai ka gama su a zama guda, kuma duk mai zaune a inda wuta ba ta tsayawa ya san abin da hakan yake nufi. Allonsa ƙarami ne, har Sonic yakan afka wa maƙiyi kafin ido ya gan shi, musamman a Metropolis mai matakai uku. A Mystic Cave akwai wani rami mai ƙayoyi wanda idan ka faɗa babu mafita sai mutuwa, a Death Egg kuma dole ka fuskanci abokan gaba biyu a jere babu ko ɗaya daga cikin zobban da Sonic yake tarawa domin su kare shi daga mutuwa idan an buge shi.

Nau'o'in da ake da su yanzu gida biyu ne. Akwai waɗanda suke kwaikwayon tsohuwar na'urar su kunna ainihin wasan 1992 a cikinta, akwai kuma waɗanda aka sake gina wasan daga tushe da sabon inji. Duk sauran bambance-bambancen daga nan suka samo asali.

Tsohuwar Mega Drive da kaset ɗinta zaɓi ne na masu tara kayan tarihi kawai. Na'urorin da aka yi wa Turai suna bin tsarin PAL, wanda shi ne tsarin talabijin na Najeriya, kuma a kansu wasan yana tafiya da jinkirin kusan kashi ɗaya cikin shida idan aka kwatanta da na Amurka da Japan. Ga kuma wahalar haɗa ta da talabijin na zamani, inda hoton yakan dushe.

Wanda na fi ba yawancin masu karatu shawara a kai shi ne na waya. A 2013 Christian Whitehead da Simon Thomley suka sake gina wasan domin Android da iPhone da injin da ake kira Retro Engine, kuma aikin nasu ya magance kusan duk aibobin da na ambata. Hoton ya cika faɗin allo, saboda haka ana hango abin da ke gaba; wasan yana ajiye inda ka tsaya; ana iya zaɓar yin wasa da wani jarumin, Knuckles, a madadin Sonic; an gyara matakan musamman inda ake tara zobba domin samun duwatsun Chaos Emerald guda bakwai, har tafiyarsu ta yi sumul. Mafi ban sha'awa, ramin nan na Mystic Cave yanzu ƙofa ce ta shiga Hidden Palace, yankin da aka cire kafin fitar wasan a 1992, aka kuma ƙarasa shi a wannan nau'i. A 2017 Sega ta sanya shi cikin shirin Sega Forever, inda a lokacin ake sauke shi kyauta tare da tallace-tallace, a biya kuɗi kaɗan idan ana son cire su. Matsalarsa ɗaya ce babba: madannan da ke kan gilashin waya ba su da tudu da yatsa zai ji, kuma a Wing Fortress, inda kuskure guda yake jefa ka sararin sama, za ka gane hakan. Hannun gem mai Bluetooth yana warware wannan.

Sonic Origins, wanda ya fito a Yunin 2022 a PlayStation, Xbox, Switch da kwamfuta, ya ɗauko wannan ginin na 2013 ne ya haɗa shi da Sonic na farko da Sonic CD da Sonic 3 & Knuckles. Tsarinsa na Anniversary yana da faɗin allo da rayuka marasa iyaka, kuma yana ba ka damar kashe sulallan da ka tara domin maimaita matakin musamman da ka faɗi, wanda sauƙi ne na gaske ga mai neman Super Sonic, siffar da Sonic yake iya komawa bayan ya tara duka duwatsun bakwai. Sai dai akwai abu biyu da ya kamata mai saye ya sani. Tsarin da suka kira Classic ba wasan 1992 ba ne, sabon ginin ne aka rage wa faɗi aka mayar masa da rayuka. Na biyu, tarin ya fito da kurakurai, ciki har da Tails da yakan maƙale a bayan allo yana ta tsalle ana jin ƙararsa, kuma gyaran ya zo ne daga baya, don haka sai an tanadi data ta sabunta shi. Sonic Origins Plus na 2023 ya ƙara jaruma Amy da wasanni goma sha biyu na Game Gear, na'urar Sega ta hannu, kuma shi ne ake samu a faifai ko kati, abin da yake da amfani ga wanda biyan kuɗi a shagunan intanet na waje yake ba shi wahala. Idan Sonic 2 kaɗai kake so, tarin ya yi maka tsada. Idan kana son duka huɗun a talabijin, shi ne zaɓin.

Mai son wasan yadda yake a da, da ƙaramin allonsa da raminsa da komai, ya nemi aikin kamfanin M2 na Japan, wanda ya yi suna wajen kwaikwayon tsofaffin na'urori da aminci. Su suka yi nau'in Sega Ages na Switch a 2020, mai ajiye wasa da kuma Knuckles, kuma su suka yi manhajar Mega Drive Mini ta 2019, ƙaramar na'ura mai wasanni 42 da ake jonawa ta HDMI, wadda ta Turai da ta Amurka suke zuwa da hannu biyu. An daina ƙera ta, sai dai a samu wadda aka yi amfani da ita, kuma jabunta sun yi yawa. A lura cewa Mega Drive Mini 2 ta 2022 ba ta da Sonic 2. Wasan yana kuma cikin babban tsarin Nintendo Switch Online, amma wannan haya ce ta shekara, ranar da ka daina biya ka rabu da shi.

Saura abu biyu da za a guje wa. Ƙananan na'urorin da ake tallatawa da dubban wasanni a ciki sukan ɓata sautin, kuma sukan jinkirta tsalle bayan an danna, a wasan da kiɗa da daidaiton tsalle su ne rabin darajarsa. Sannan Sonic the Hedgehog 2 na Master System, na'urar Sega da ta gabaci Mega Drive, da Game Gear wani wasa ne daban, mai matakai daban, ba a sarrafa Tails a cikinsa domin shi ne aka sace. Idan kaset ko talla bai nuna Emerald Hill a matsayin yankin farko ba, ba shi ne wanda ake magana a kai ba.