Agogon lantarki ko fulanja: wanne za a auna daɗewar nukiliyas da shi?

Malama, kin tambaya a zauren nan, tunda kina shirin aikin digiri na biyu a Samaru, wace hanya ta fi wajen auna lokacin da nukiliyas ke yi a matakin sama kafin ya saki gama (wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani) ya sauko: agogon lantarki ko fulanja (plunger a Turance).

Agogon ba shi da wuyar ganewa. Gamar da ta kai nukiliyas matakin ita ke tayar da shi, wadda ya fita da ita ta tsayar. Inda gizo ke saƙar shi ne na'urar da ke kama gamar. Na'urar jamaniyam tana bambance ƙarfin gama tsaf, kusan keV 2 (keV ma'aunin ƙarfin gama ne) a layin keV 1332 na kobalt-60, amma wajen lokaci nawa gare ta, sai an yi maganar nanosakan (kashi ɗaya cikin biliyan na sakan) da dama. Na'urar BaF2 akwai sauri, sai dai layuka na cakuɗe mata. Na'urar LaBr3(Ce), wadda masu bincike a Delft da Bern suka fitar wajen 2001, ita ta raba gardama: kusan kashi 3 cikin 100 a layin 662, lokaci kuma 'yan ɗaruruwan fikosakan (kashi ɗaya cikin dubu na nanosakan). Da dabarar kwatanta tsakiyar ma'auni da aka inganta a Kolon ta Jamus, ana sauka har wajen fikosakan 10. A ROSPHERE, wani jerin na'urorin kama gama a Romaniya, ma haɗa LaBr3 suka yi da jamaniyam, kowace ta rufa wa 'yar'uwarta asiri.

Fulanja kuwa babu agogo a cikinta sam, tazara take aunawa. Ana harbin wani siririn falle, nukiliyas ya fito a guje, can gaba an girka wani fallen da zai tsayar da shi. Idan ya saki gamar yana cikin gudu, ƙarfinta na gocewa saboda tasirin Dofla, wato sauyin da gudun mai sakin haske ke jawowa a ƙarfin da ake gani. Idan sai da ya tsaya, tana nan daidai. Sai a riƙa matsar da fallen ana duba yadda layukan biyu ke rinjayar juna. Mai gudun kashi 1 cikin 100 na saurin haske maikiromita 3 kacal yake ci a fikosakan ɗaya, kin ga dole fallayen su miƙe sumul, a kuma riƙe tazarar duk da zafin harbi. Tana aiki daga kusan fikosakan 1 zuwa ɗaruruwa, wato tana shiga inda agogo ya gaza. Ƙasa da haka sai a koma ga hanyar da ake bin raguwar gudun nukiliyas a cikin ƙarfe.

A takarda fulanja ta fi kaifi. Amma ba ta motsi sai da na'urar hanzarta ƙwayoyi masu nauyi, da jamaniyam kewaye da ita. Abin da muke da shi a CERT, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, shi ne NIRR-1, ƙaramin riyakta da ya fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30. Niyutiron yake bayarwa, ba harbi ba. Mai son fulanja sai ya nemi gurbi a waje.

Ni dai a ganina agogon ne naki. Na'urar LaBr3 biyu da tushen bariyam-133 sun isa farawa: gamar 356 ta tayar, ta 81 ta tsayar, rabin rayuwar matakin (lokacin da rabin nukiliyas ɗin ke saukowa) a siziyam-133 kusan nanosakan 6.3. Idan kin samo wannan adadi daidai, ki gwada yurofiyam-152, inda matakin 122 na samariyam-152 yake da kusan nanosakan 1.4.