ArrayList ko List<int>: Wanne Ya Dace Da Ajiyar Lambobi?

Ɗan'uwa, tsakanin ArrayList da List<int> da ka tambaya a kai don ajiye lambobin da na'urarka take aunawa a C#, ka ɗauki List<int>, kada ka yi wata-wata. Kuskuren InvalidCastException da ka ce yana tsayar maka da manhaja duk lokacin da ka nemi fito da lamba a matsayin long, shi ma daga ArrayList ɗin ya taso, kuma da zarar ka sauya zai ɓace ba tare da ka yi masa wani magani na daban ba.

Tushen maganar shi ne C# ya raba nau'o'in bayanai gida biyu. Akwai nau'in ƙima, irin su int da double da bool da duk wani struct, waɗanda ma'ajiyarsu take riƙe da ƙimar kanta. Akwai kuma nau'in nuni, irin su string da duk wani class, waɗanda ma'ajiyarsu ba ta riƙe komai sai adireshin inda abin yake zaune a ɓangaren memori da ake kira hif. To, ArrayList bai san komai ba sai object, wanda nau'in nuni ne, saboda haka babu yadda za a yi int ya shiga cikinsa a yadda yake. Duk lokacin da ka rubuta Add(5), sai an keɓe wani sabon wuri a hif, a kwafe biyar ɗin a zuba a ciki, sannan a ajiye adireshin wurin a jerin. Wannan shi ne sakawa a akwati, kuma in ka buɗe kod ɗin IL, wato kod na tsaka-tsaki da kwamfaila (manhajar da ke harhaɗa kod ɗinka) ya fitar, za ka ga umarnin box a daidai wannan layi. Idan ka zo karantawa kuma sai an bi adireshin, an duba ko abin da ke ciki int ne da gaske, sannan a kwafo shi waje da umarnin unbox.any. Kamar mutum ne da aka ba shi littafi ya jera lambobi, sai ya riƙa sa kowace lamba a ambulan nata, ya ajiye ambulan a wani ɗaki, ya rubuta inda ya ajiye shi a littafin.

Tsadar wannan ɗawainiya tana ƙirguwa. Int guda bayit 4 ne. A .NET na bit 64, kowane abu da ke hif yana ɗauke da bayit 16 na gabatarwa, wato bayit 8 na kan abu da bayit 8 da ke nuna nau'insa, don haka int da aka sa a akwati yana cin bayit 24 bayan an cike gurbi, ga kuma bayit 8 na adireshin da ke cikin jerin. Jimilla bayit 32 ke nan a kan abin da bayit 4 ya ishe shi. Lambobi miliyan ɗaya za su zauna a kusan megabayit 4 a List<int>, amma a ArrayList sai sun kai kusan megabayit 32, kuma mai kwashe shara na .NET, wato sashen da ke share abubuwan da aka daina amfani da su a memori, zai sami abubuwa miliyan ɗaya da zai riƙa bibiya maimakon jeri guda. Akwai wata magana da ake yawan koyarwa cewa nau'in ƙima kullum a sitak, wato ɓangaren memori na wucin gadi da aiki ke amfani da shi yayin da yake gudana, yake zama, wadda rabin gaskiya ce kawai: lambobin da ke cikin List<int> su ma a hif suke, sai dai suna jere kafaɗa da kafaɗa a cikin jeri ɗaya, furosesa yana ɗauko su da yawa a lokaci guda zuwa ma'ajiyarsa ta kusa, ba ya tsalle daga wannan adireshi zuwa wancan.

Na taɓa gadon wata manhaja da ke karɓar ma'aunin zafi daga na'urori masu yawa tana zana shi a allo, kuma wanda ya rubuta ta tun farko ya zuba komai a ArrayList da Hashtable, wato tsohon teburin mabuɗi da ƙima wanda shi ma object kawai ya sani. Tana aiki, amma zanen yakan ɗan tsaya cak lokaci zuwa lokaci, sannan ya zabura ya cim ma inda ya kamata ya kasance, har masu amfani da ita suka ɗauka na'urorin ne suke yanke sadarwa. Da na sa mata kayan auna aiki, sai na tarar mai kwashe shara ne yake ta tashi, domin kowane ma'auni da ya shigo sabon akwati ne, kuma waɗanda suka daɗe a jerin sun riga sun haura zuwa Gen 2, wato tsarar abubuwan da suka fi daɗewa a memori, wadda shararta ta fi tsada. Na mayar da jerin List<double>, na mayar da Hashtable ɗin Dictionary, ban taɓa tsarin lissafin ba ko kaɗan, tsayawar nan kuwa ta tafi. Abin da ya fi faranta mini rai ma ba saurin ba ne. Ina gama sauyawa kwamfaila ya ƙi harhaɗa kod ɗin, ya ja jan layi a wani wuri inda ake zuba kalmar "babu" a cikin jerin lambobi duk sa'ad da na'ura ta ƙi amsawa. ArrayList ya daɗe yana haɗiye wannan kalma shiru, sai an zo lissafin matsakaici manhajar ta faɗi, ba wanda ya san dalili. Tun daga nan nake da amana da List<T>, domin yana nuna maka ɓarnar tun kana zaune gaban kod, ba sai ta kai hannun mai amfani ba.

ArrayList kuwa ya yi zamaninsa, iyakar abin da zan ce a kansa ke nan. Ya zo da .NET Framework 1.0 a 2002, lokacin da C# ba shi da jenerik, wato damar faɗa wa jeri nau'in abin da zai riƙe, kuma tun da C# 2.0 ya fito a 2005 aka daina buƙatarsa. Microsoft da kansa yana ba da shawarar kada a yi amfani da shi a sabon aiki.

Game da kuskurenka: fitarwa daga akwati ba ta yarda da kusanci, sai daidai nau'in da aka saka. Idan ka rubuta object o = 5, abin da ke cikin akwatin int ne, saboda haka (long)o zai faɗi, duk da cewa mayar da int zuwa long a wajen akwati ba ya buƙatar komai. Dole ka fito da shi a matsayin int tukuna sannan ka faɗaɗa shi, wato (long)(int)o, ko ka yi amfani da Convert.ToInt64. Haka nan idan gurbin null ne, (int)o zai jefo NullReferenceException. Akwai kuma tarkuna biyu da suka fi wannan ɓoyewa saboda ba sa jefo kuskure ko ɗaya. Na farko, akwati kwafi ne: idan ka sa x a object sannan ka canza x, abin da ke akwatin yana nan yadda yake. Na biyu, idan a da b duka object ne, kowanne yana ɗauke da 5, a == b zai ba ka false, domin adireshi yake kwatantawa kuma akwatunan biyu ne daban, alhali a.Equals(b) zai ba ka true. Wanda yake neman ma'auni biyu masu daidaita a cikin ArrayList da alamar == zai yi ta nema bai samu ba.

Kada ka ɗauka da ka koma List<int> ka rabu da akwati har abada. List<object> ma yana sakawa, domin matsalar object ce, ba sunan jerin ba. Idan ka ƙirƙiri struct naka ka miƙa shi ga wani aiki da ke karɓar interface, za a sa shi a akwati. Idan ka mai da struct mabuɗin Dictionary ba tare da ka rubuta masa IEquatable<T> da GetHashCode nasa ba, kowane bincike yana iya jawo akwati. String.Format ma yana karɓar object ne, don haka lambobin da ka ba shi sai sun shiga akwati, ko da yake tun C# 10 da .NET 6 a 2021 rubutun da ke farawa da alamar $ yana kauce wa wannan a mafi yawan lokuta. A ganina bai dace mutum ya tsaya farautar kowane akwati ba. Akwati guda a saƙon da ake nunawa sau ɗaya ba ya cutar da kowa. Wanda ke cikin zagayen da ke juyawa sau miliyoyi shi ne abin dubawa.

Ka kuma yi hattara da darussan Java, domin a can ma akwai ArrayList, kuma ba abu ɗaya ba ne da na C#. Na Java jenerik ne, shi ake amfani da shi yau da kullum, sai dai jenerik ɗin Java ba ya karɓar int, dole ka rubuta ArrayList<Integer>, wanda ke nufin kowace lamba tana cikin akwati. Tun Java 5 a 2004 harshen yake yin sakawar da fitarwar da kansa, shi ya sa ba a ganinsu a kod. Yana kuma ajiye akwatunan lambobi daga -128 zuwa 127 a shirye, don haka Integer biyu masu ɗauke da 127 za su ba da true da alamar ==, amma masu ɗauke da 128 a tsarin da aka saba za su ba da false. Wanda ya gwada da ƙananan lambobi zai ga komai lafiya lau, sai bayanan gaske sun shigo. A Java mai son gudun akwati yakan koma int[] ko IntStream, ko ɗakin karatu, wato tarin kod da aka riga aka rubuta, irin fastutil. A C# ba ka buƙatar ko ɗaya daga cikinsu, domin .NET yana samar wa List<int> kod na musamman da ke riƙe int tsantsa.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka saboda kana matakin da ake yawan cutar mutane. Akwai masu sayar da kwasa-kwasan koyon C# da suke ɗauko tsohon darasi su canza masa shekara a bango, su sayar a matsayin sabo. Alamar gane su ba ta da wuya: idan darasin jeri ya fara da ArrayList da Hashtable a matsayin hanyar yau da kullum, ba a matsayin tarihi ba, kayan sun girmi 2005 ko kuma mai koyarwar bai bibiyi harshen ba. Akwai kuma masu tallan ɗakunan karatu na kuɗi da suke nuna zane cewa jerinsu ya ninka na .NET sauri sau da yawa, in ka duba da kyau sai ka ga da ArrayList suka gwada, ba da List<T> ba, ko kuma sun yi gwajin a yanayin Debug. Kafin ka biya kowa, ka nemi kod ɗin gwajin, ka gudanar da shi da kanka a yanayin Release da BenchmarkDotNet, wanda kyauta ne kuma yana iya nuna maka yawan bayit ɗin da aka keɓe, ba lokaci kaɗai ba. Mai sayarwar da ya ƙi ba da kod ɗin gwajinsa, ka bar masa kayansa.

Don aikinka, idan ma'aunin lamba ce cikakkiya ka sa List<int>, idan tana da ɗigo ka sa List<double>. Idan wani lokaci na'urar takan ƙi amsawa, ka yi amfani da List<int?> domin gurbin da babu ma'auni ya zama null a fili, kuma wannan ma ba ya sakawa a akwati tunda Nullable<int> shi kansa struct ne. Idan kuma ka san adadin ma'aunan tun farko, ka ba List ɗin wannan adadi lokacin ƙirƙirarsa, kamar new List<int>(100000), domin kada ya riƙa ninka girmansa yana kwafe jerin duk lokacin da ya cika.