Tsakanin Golkonda da Warangal: Wanne Ya Dace da Mai Kwana Biyu?

Ɗan'uwa, ka tambaya cewa kana Haidarabad kana jinyar mahaifinka, Allah ya ƙara masa lafiya, kuma likita ya ba ku hutun kwana biyu, shin ka wadatu da ganuwar Golkonda da ke gefen gari ne, ko kuwa ka ɗauki hanyar Warangal don ganin tsofaffin wuraren bauta da tafkuna. Wuraren biyu duk a jihar Telangana ta ƙasar Indiya suke, amma abin da kowannensu yake nuna wa baƙo ya sha bamban.

Golkonda tana yammacin Haidarabad, tafiyar kimanin kilomita 11 daga tsakiyar gari, don haka keke-napep ma ya isa ya kai ka. Sarakunan Kutub Shahi, waɗanda Musulmi ne, su suka mayar da ita babban birninsu daga 1518, suka gina ganuwar dutse a kan tsauni, suka riƙe ta har zuwa 1687 lokacin da Sarki Aurangzeb na daular Mughal ya yi mata ƙawanya ta wata takwas kafin ta faɗa hannunsa. A zamaninta kasuwar lu'ulu'u ce da ta shahara a duniya. Abin da ya fi jan hankalin baƙi shi ne wata kubba da ke bakin ƙofar shiga: idan mutum ya tsaya a ƙarƙashinta ya tafa hannu, ana jin ƙarar a soron da ke ƙololuwar tsaunin, kuma da haka masu gadi suke sanar da na sama cewa an iso ƙofa. Za ka tarar da masu yi wa baƙi jagora suna ta tafi a wurin tun safe har yamma. Sai dai hawan yana da matakala fiye da 300, kuma babu inuwa sosai, saboda haka ba wurin da za a kai marar lafiya sama ba ne. Dattijo yana iya zama a filin ƙasa, ko a kai shi hubbaren sarakunan da ke kusa, inda ƙasa take a shimfiɗe kuma akwai itatuwa.

Warangal kuwa tana da nisan kusan kilomita 150, awa biyu zuwa uku a jirgin ƙasa daga tashar Sikandarabad da ke Haidarabad, kuma ta girmi mulkin Kutub Shahi nesa ba kusa ba. Ita ce hedikwatar daular Kakatiya ta mabiya addinin Hindu, wadda har mace, Rudrama Devi, ta mulka a ƙarni na 13, kafin rundunar Sarkin Delhi ta ci birnin a 1323. Wanda ya je yana tsammanin ganin gini tsaye kamar na Golkonda zai ɗan sha mamaki, domin galibin abin da ya rage kufai ne: ganuwar ƙasa a waje, wadda Bakano zai ga kamar ya san ta, sannan ta dutse a ciki, sai ƙofofi huɗu na dutse da aka sassaƙa, waɗanda siffarsu take cikin tambarin jihar a yau.

A ganina, darajar tafiyar Warangal tana wuraren bautar ne. Na Hanamkonda da ke gefen Warangal, wanda ake kira mai ginshiƙi dubu, an gina shi a 1163. Amma wanda ya cancanci wahalar hanya shi ne na Ramappa a ƙauyen Palampet, tafiyar kimanin kilomita 70 gaba da Warangal, wanda wani kwamandan yaƙi, Recharla Rudra, ya gina a 1213, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kayan tarihin duniya a 2021. Maginan sun haƙa tushe suka cika shi da yashi don ya rage girgiza, sannan suka gina hasumiyarsa da tubali marar nauyi ƙwarai, har yana iya yin iyo a kan ruwa. Ginshiƙan ciki na baƙin dutse ne da aka goge suna sheƙi, kuma sassaƙar ta kai ga siranta har masu jagora sukan zura zare ta cikin hudojin adon don su nuna wa mutane. Wurin ibada ne da ake amfani da shi har yanzu, ana cire takalmi kafin shiga, kuma akwai gumaka a ko'ina. Wanda ba ya son shiga yana iya zagaya ginin ta waje ya ga mafi yawan aikin.

Ta fuskar tafkuna, ba a ma haɗa su. Husain Sagar na Haidarabad, wanda aka haƙa a zamanin Ibrahim Kutub Shah, yana tsakiyar cunkoson motoci, da mutum-mutumin Buddha mai tsawon mita 18 a tsakiyarsa, kuma ruwansa ya gurɓace har wani lokaci yana wari. Tafkin Ramappa, wanda 'yan Kakatiya suka tare tsakanin duwatsu don ban ruwan gonaki, yana kusa da wurin bautar, shiru ne, kuma har yau manoman shinkafa suna cin moriyarsa.

Idan mahaifinka yana buƙatarka kusa, ka tsaya a Haidarabad: Golkonda da sassafe kafin rana ta yi zafi, washegari Charminar, ginin mai hasumiya huɗu da aka gina a 1591, ka yi sallah a Masallacin Makka da ke gefenta, abincin halal kuwa ba abin nema ba ne a unguwar. Idan akwai wanda zai zauna da shi, ka ɗauki shatar mota tun da asuba kai tsaye zuwa Ramappa, ka biyo ta Warangal a dawowa, da guzurin ruwa mai yawa idan watan Afrilu ne ko Mayu.