GROMACS a kwamfutar ɗalibi a Kano

Ɗaliban kimiyyar sinadaran jiki a Jami'ar Bayero da makamantanta, da zarar sun gama gwada yadda sinadarin zogale ko darbejiya ke maƙalewa a jikin furotin da manhajar AutoDock Vina, abin da ake tambayarsu na gaba shi ne: shin zai zauna a wurin idan furotin ya fara motsi cikin ruwa? Nan ne GROMACS, manhajar da ke kwaikwayon motsin ƙwayoyin zarra a kwamfuta, ke shigowa. A Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan aka faro manhajar, kyauta ce, kuma tana aiki a Linux ko a Windows ta hanyar WSL, tsarin da ke ba Linux damar aiki a cikin Windows.

Tsarin aikin ba boyayye ba ne. Umarni ake ba ta ɗaya bayan ɗaya: da pdb2gmx ake shirya furotin, editconf ya gina akwati da tazarar nanomita 1.0 daga bango, solvate ya cika ruwa, genion ya zuba sodiyam ko kuloraid har cajin ya koma sifili. Sai rage kuzari, wato sassauta cunkoson ƙwayoyin zarra, sai daidaita zafi da matsi, kafin a gudanar da ainihin kwaikwayon da mdrun. Wanda ya yi gaggawa ya tsallake rage kuzari zai ga gargaɗin LINCS, tsarin da ke riƙe tsawon haɗin ƙwayoyin zarra, domin ƙwayoyin zarra sun cunkushe, ƙarfin turi ya yi yawa, tsarin ya tarwatse.

Abin da ya fi dacewa da mu shi ne ajiyar inda aiki ya kai da GROMACS take yi duk minti 15. An ɗauke wuta, batir ya mutu? Ka sa -cpi a umarnin mdrun, ta ɗora daga inda ta tsaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda nanosakan 100 a matakin femtosakan 2 mataki miliyan 50 ne. Laftof marar katin hoto (GPU) irin na NVIDIA sai ta kwashe makonni, ga zafin Afrilu da ƙurar hunturu a fanka suna sa injin rage gudu da kansa. A ɗaga ta daga tebur, a hure ƙurar.

Inda take ba da wahala kuwa, pdb2gmx bai san sinadarin ganyenka ba. Dole ka nemo ma'aunansa daidai da tsarin lissafin ƙarfi (force field) da ka zaɓa wa furotin: daga manhajar CGenFF idan CHARMM36 ka zaɓa, ko ACPYPE idan AMBER ne, kuma kada a gauraya biyun. Haka nan zaɓin -maxwarn na rufe bakin gargaɗi ne kawai, kuskuren na nan.

Kafin lissafin RMSD, ma'aunin yadda siffar furotin ta kauce daga ta farko, a gyara tsallaken bangon akwati, inda zarra kan fita ta wani gefe ta ɓullo ta ɗayan, da trjconv, in ba haka ba jadawalin zai nuna tsalle kamar furotin ya karye alhali lafiyarsa ƙalau.