Jirgin ruwan da nake ƙerawa a ɗakina a Landan

Yaya, assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, a gaida Hajiya da yara. Na ga tambayar da ka yi a kan hoton ƙaramin jirgin katako da na turo, wai ko girma ya zo na koma motar kara. Ba ka yi nisa da gaskiya ba, sai dai motar karan mutanen nan da kuɗi ake saye, kuma masu furfura ne suka fi yin ta.

A watan Disamba ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, sanyi ya hana yawo, mutum ya rasa abin yi. Wani tsoho maƙwabcina, ɗan fansho, shi ya ja ni unguwar Greenwich a nan Landan muka ga Cutty Sark, jirgin da aka ƙera a 1869 a Sikotland don ɗauko ganyen shayi daga Sin, daga baya ya koma jigilar ulu daga Ostareliya. Ba shi da inji, iska ce ke tura manyan ƙyallayensa. Gobara ta taɓa shi a 2007, aka gyara aka sake buɗewa a 2012. Shiga cikinsa sai ka biya, amma gidan tarihin harkokin teku da ke kusa kyauta ne, kuma a can na ga ƙananan jiragen katako da suka riƙe ni har aka tashi.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kayan. Kamfanoni irin su Billing Boats na Denmark, Amati na Italiya da OcCre na Sifen suna sayar da jirgi guda a kwali: haƙarƙarin jirgin na'ura ta riga ta yanke, siraran katako kamar tsinken tsire an ɗaure su dami-dami, zare kauri daban-daban, ƙananan ƙusoshin tagulla, da zane mai girman tabarma. In takarda ta ce katako milimita 5 ne, to 5 ɗin ne. Ka tuna ranar da muka je 'yan katako neman madaci na ƙofar Hajiya, muka juye tari guda kafin mu sami biyu da suka yi daidai? Nan ta intanet na yi oda, kwana uku mai kawo saƙo ya ƙwanƙwasa. Da na tarar wasu ƙananan ƙarafa babu a ciki, na rubuta wa shagon, suka aiko ba tare da rantsuwa ko ciniki ba. Amma fa kafin amsa ta zo sai da na yi sati biyu, kuma ba wanda za ka je ka tsaya a kansa. Shagunan da ake shiga a taɓa kaya da hannu sun yi ƙaranci.

Inda gida ya fi su, hannu ne. Na karya turken tsakiya da ake ɗaura wa ƙyallen jirgin, na ce bari in kai wa kafinta. Maƙwabcina ya yi dariya. Kafinta a nan da awa yake caji, sai ka nemi rana tun da wuri, kuma ba zai kalli aikin da bai kai tsawon yatsa ba. A gida da yaron shago ya fere mini wani kafin in gama shan ruwa, ya ce in bar kuɗin. Haka na zauna da reza da samfefa dare biyu.

Aikin kansa akwai cin rai. Cikin jirgi a lanƙwashe yake, katako kuwa a miƙe, don haka sai ka jiƙa kowane siriri a ruwan zafi, ka tanƙwara a hankali, ka fere bakinsa don ya tsuke wajen hancin jirgi, ka shafa gam, ka danne da abin maƙale shanya har ya bushe. Uku ko huɗu a dare, ka yi ƙoƙari. Igiyoyin da matuƙa ke takawa su hau sama kuwa, kowace mahaɗa ƙulli ne da hantsaki, ɗaruruwa. A nan na tuna masu saƙar hula na unguwarmu. Wallahi da za a ba su wannan zaren, da sun kunyata mu duka. Ko masu sassaƙa kwale-kwale a Yauri, da ido suke auna abin da ni sai da zane.

Maƙwabcin nawa shekara ta huɗu ke nan yana kan Victory, jirgin da Nelson, kwamandan sojan ruwan Birtaniya, ya yi yaƙin Trafalgar da shi a 1805, wanda har yau yana garin Portsmouth. Kwalinsa kaɗai ɗaruruwan fam ne, shi ya sa na fara da ƙarami.

In wani zai taho, a sa mini guntun madaci busasshe, ko tsawon kamu ɗaya ne. Gindin da zan ɗora jirgin nake so in yi da shi, wanda ya zo a kwalin fari ne fat ba nauyi. A tabbatar an kankare ɓawon, kuma ba ƙwaro a ciki, saboda masu bincike a filin jirgi.